Amsoshin Tambayoyinku: Mece Ce "Par" a Wasan Golf, Daga Ina Kuma Ta Samo Asali?

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kan wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, kusan duk a kan kalma ɗaya suka sauka: par. A baki "fa" mutanenmu ke cewa, amma a rubuce za mu bar ta yadda take a katin wasa, don kada ta rikice da "fa" ɗinmu ta yau da kullum. Sauran kalmomin mun rubuta su yadda ake furta su a fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. In ina kallon gasar golf a talabijin, sai in ga mai -12 shi ne a sama, mai +3 yana can ƙasa, wani kuma harafin E kawai aka sa masa. Mu dai a makaranta an koya mana abin da ya gaza sifili rashi ne. Yaya lissafin yake? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A golf ba maki ake tarawa ba, bugu ake ƙirgawa, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Kowane rami an yanka masa adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi daga wurin tashi har ƙwallo ya faɗa ciki, in bai yi kuskure ba, sa'a kuma ba ta taimake shi ba. Wannan adadin shi ne par.

Biyu daga cikin adadin an ware su ne don bugun mirgine a kan girin, wato shimfiɗar ciyawar nan mai laushi da ke kewaye da rami. Saboda haka rami mai par 3 yana nufin bugu ɗaya ya kai ka girin, biyu su ƙarasa. Mai par 4, bugu biyu zuwa girin. Mai par 5, uku. Fili cikakke ramuka 18 ne, kuma rabon da aka fi sani shi ne huɗu masu par 3, goma masu par 4, huɗu masu par 5: 12 da 40 da 20, jimla 72. Haka filin Augusta yake, inda ake gasar Masters kowace Afrilu a Amurka. Manyan gasanni zagaye huɗu ne cikin kwana huɗu, don haka par ɗin gasar baki ɗaya a irin wannan fili 288 ne. Wanda ya gama da bugu 276 shi ne -12 ɗin da ka gani. Mai 291 shi ne +3. Harafin E kuwa yana nufin daidai wa daida, bai haura ba bai gaza ba. Lokacin da Tiger Woods ya ci Masters a 1997, bugu 270 ya yi, wato -18, ya bai wa na biyu ratar bugu 12.

Amfanin wannan rubutu a kan allo shi ne 'yan wasa ba tare suke tashi ba. Wani ya gama ramuka 14 da bugu 54, wani yana na 9 da bugu 33. Wa ke gaba? Da jimla zalla ba za ka gane ba sai ka zauna da biro. Da par kuwa kallo ɗaya ya isa. Frank Chirkinian, mai shirya wasanni a gidan talabijin na CBS, shi ake jingina wa shigo da wannan salo a gasar Masters ta 1960. Jan lamba a allo na nufin ƙasa da par.

Tambaya: Ni abin da nake son sani shi ne asalin kalmar. 'Yan golf ne suka ƙirƙiro ta? Kuma wani dattijo ya gaya mini da can "bogi" ake cewa, ba par ba, alhali yanzu bogi kuskure ne. Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Dattijon ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma mu fara da par.

Kalmar daga Latin take, ma'anarta "daidai" ko "tsara". Ta daɗe a Turanci kafin ta shiga golf, kuma a bakin 'yan kasuwar hannun jari da masu canjin kuɗi ta fi zama. Takardar hannun jari tana da ƙimar da aka buga a jikinta. In ana sayar da ita a kan wannan kuɗi, an ce tana kan par, in farashi ya tashi ta haura, in ya faɗi ta gaza. Wato dai par mudu ne: ba ya cewa hatsi ya yi kyau ko bai yi ba, awo kawai yake.

Labarin da masu tarihin golf suka fi kawowa na shigarta wasan ya faru ne a 1870, a Prestwick ta ƙasar Sikotland, inda ake gasar Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, a wancan zamani. Filin ramuka 12 ne kacal, ana zaga shi sau uku a yini guda. Wani marubucin wasanni, A. H. Doleman, ya tambayi gwanaye biyu, Davie Strath da Jamie Anderson, bugu nawa wasa marar kuskure zai ci a filin. Suka ce 49. Doleman ya kira wannan adadi par. Sau uku 147 ke nan. Tom Morris ƙarami, yana ɗan shekara 19, ya ci gasar da 149, biyu kacal sama da abin da aka ce shi ne wasa marar aibi. A ramin farko, mai tsawon yadi 578, bugu uku ya yi, da sandunan katako da ƙwallon ƙaro na wancan lokaci. Cinsa na uku ke nan a jere, don haka ya tafi da kyautar gaba ɗaya: ɗamara ce ta jar fata mai ado da azurfa, irin fatar da Turawa ke kira ta Maroko, sunan da suka bai wa jemammiyar fatar akuya wadda fatake suka daɗe suna ƙetare Sahara da irinta daga Kano da Sakkwato. Da babu abin da za a yi takara a kai, ba a yi gasar a 1871 ba.

Sai dai kalmar ba ta kama bakin mutane nan take ba. A Ingila wata ce ta riga ta. A 1890 sakataren kulob ɗin Coventry, Hugh Rotherham, ya kawo shawarar a yanka wa kowane rami adadin da ɗan wasa mai kyau zai yi, domin mutum ya iya karawa da filin kansa ko da babu abokin hamayya. Da dabarar ta isa Great Yarmouth, wani ɗan wasa ya kamanta wannan abokin karawa da ba a gani, ba ya kuma kuskure, da "bogey", dodon da ake tsorata yara da shi, wanda wata waƙar dandali da ake yayi a lokacin ta sa sunansa a bakin kowa. A kulob ɗin hafsoshin soja na Gosport kuwa aka ce ai kowane memba da muƙaminsa, don haka aka naɗa dodon Kanar. Shekaru da dama 'yan golf na Birtaniya da Kanar Bogi suke karawa.

To me ya mayar da bogi kuskure? Ma'aunan biyu ba mutum ɗaya suke aunawa ba. Bogi na ɗan kulob ne mai hannu, par na gwanin gwanaye ne. Da ƙwallo mai zuciyar roba ya bayyana a wajajen 1900, bugu ya ƙara nisa, gwanaye suka riƙa sauko da lissafinsu. A 1911 hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fitar da ƙa'idar par bisa tsawon rami: har yadi 225 par 3, daga nan zuwa 425 par 4, daga 426 zuwa 600 par 5, abin da ya wuce haka par 6. Kulob-kulob na Birtaniya kuwa kowa ya ci gaba da riƙe bogi ɗinsa yadda ya ga dama, kuma a ramuka masu tsawo sau da yawa ya kan ɗara par da ɗaya. A hankali Amurkawa suka mayar da "bogi" sunan bugu ɗaya sama da par, duniya kuma ta bi su. Biyu sama da par shi ne bogi biyu, uku bogi uku.

Tambaya: Wa ke yanka par ɗin rami? Na ga wani par 4 da kowa ke kuka da shi, ga kuma par 5 da ake ci kamar wasa. Anya ba son kai a ciki? Daga mai karatu a Abuja.

Amsa: Babu son kai, ranka ya daɗe, sai dai kana neman abin da par bai yi alkawarin bayarwa ba. Par tsawo yake aunawa, ba wahala ba. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma rashin gane ta ne ke jawo yawancin gardamar da ake yi bayan wasa.

Hukumar golf ta ƙasa, ko wadda ta wakilta, ita ke tabbatar da par, bisa jagorar da R&A ta St Andrews a Sikotland, mai kula da dokokin wasan a yawancin ƙasashen duniya, da USGA suka fitar. Ga maza: par 3 har yadi 260, par 4 daga 240 zuwa 490, par 5 daga 450 zuwa 710, par 6 daga 670 zuwa sama. Ga mata: par 3 har 220, par 4 daga 200 zuwa 420, par 5 daga 370 zuwa 600, par 6 daga 570. Yadi ɗaya bai kai mita ba, santimita 91 ne da 'yan kai, don haka a duba katin fili a ga da wanne aka auna, domin yadi 150 mita 137 ne, kuma wannan bambanci ya isa ya sauya sandar da za ka zaro.

Ka lura lambobin sun hau juna. Rami mai yadi 470 zai iya zama par 4, zai iya zama par 5. A nan ne ake duba yadda ramin ke wasuwa a zahiri: hawa ne ko gangara, akwai lanƙwasa ko tafkin da ke tilasta wa gwani ya rage bugun farko, ƙasa tana mirgina ƙwallo ko tana riƙe shi. Kuma rami ɗaya kan iya zama par 4 ga maza, par 5 ga mata, daga wuraren tashi dabam.

Dubi misalai. Rami na 8 a filin Royal Troon na Sikotland yadi 123 ne. Rami na 8 a filin Oakmont na Amurka yana kaiwa kusan yadi 300 a gasar US Open. Dukansu par 3. Na Troon ɗin ma, duk da gajartarsa, ƙanƙantar girin da zurfin ramukan yashin da ke gefensa sun sha kunyata manyan 'yan wasa. Tsohon filin St Andrews par 72 ne kamar Augusta, amma nasa rabon dabam: par 3 biyu kawai, par 5 biyu, sauran 14 duk par 4. Raminsa na 17, mai yadi 495, ga hanya da katanga a bayan girin, ga ramin yashi mai zurfi a gaba, par 4 ne a kati, amma a gasar Open ɗan wasan da ya tashi da 5 a nan ba ya jin an cuce shi.

Masu shirya gasa ma kan taɓa par ba tare da sun taɓa ƙasa ba. A US Open ta 2000 a Pebble Beach an mayar da rami na 2 daga par 5 zuwa par 4, filin ya koma 71. Woods ya yi bugu 272, aka rubuta -12. Da an bar par a 72 da -16 za a rubuta, alhali bugun nan dai 272 ne, ratar 15 da ya bai wa na biyu kuma tana nan. Haka nan, Hale Irwin ya ci US Open ta 1974 a Winged Foot da +7, yayin da Peter Tupling ɗan Ingila ya ci gasar Nigerian Open ta 1981 a filin Ikoyi na Legas da bugu 255, wato -29. Ba wanda ya san wasan da zai ce wannan ya nuna Tupling ya fi Irwin. Filayen ne ba ɗaya ba.

Tambaya: Don Allah me ya kawo tsuntsaye cikin wasan? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, daga Amurka suka taso. A ƙarshen ƙarni na 19 samarin can kan kira duk abin da ya burge su "bird", wato tsuntsu. A kulob ɗin Atlantic City da ke jihar New Jersey, wani ɗan wasa mai suna Ab Smith ya yi bugu mai kyau har ya gama rami da ɗaya ƙasa da par, ya yaba wa bugun da wannan kalma, abokan wasansa suka riƙe ta. Allon tunawa da ke filin ya ce 1903, wata ruwayar kuma ta ce 1899. Daga nan aka samu "badi", ɗan tsuntsu, ɗaya ƙasa da par. Biyu ƙasa sai aka nemi babban tsuntsu, aka ce "igil", gaggafa. Uku ƙasa Turawan Birtaniya suka ce "albatiros", wani tsuntsun teku mai dogon fiffike da ba kasafai ake ganinsa ba. Amurkawa kuwa "igil biyu" suke cewa, ko da yake lissafin bai fita ba, tun da biyu sau biyu huɗu ne. Mafi shahararsa shi ne na Gene Sarazen a rami na 15 na Augusta a 1935: bugunsa na biyu, daga yadi 235, ya faɗa rami, ya kamo Craig Wood, ya kuma doke shi washegari a wasan raba gardama. Louis Oosthuizen na Afirka ta Kudu ya yi irinsa a rami na 2 a 2012.

Tambaya: Wata shida ke nan da na fara wasa. Filinmu par 72 ne, ni kuwa ban taɓa sauka ƙasa da 100 ba. Har kunyar miƙa kati nake ji. Ana ta ce mini in nemi handikaf. Yaya ake yi, kuma mene ne haɗinsa da par? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Alhaji, cire kunya. Par ba da kai aka yanka shi ba, da gwani aka yanka shi, kuma mafi yawan masu wasa a duniya ba su taɓa gama ramuka 18 a kan par ba. Mai yin bogi a kowane rami 90 yake tashi da shi, kuma a kowane kulob ana ganin girmansa. Handikaf rangwamen bugu ne da ke ba ka par naka na kanka. Tun Janairun 2020 tsari ɗaya R&A da USGA suka shimfiɗa wa duniya, ga yadda yake tafiya.

Da farko ka yi rajista a kulob mai alaƙa da hukuma, ka miƙa katunan ramuka 54, ko zagaye uku na 18 ko haɗin tara-tara, kowanne da shaidar wanda ya yi wasa tare da kai. Kafin ka samu lambar handikaf ɗinka, mafi yawan abin da za a rubuta maka a rami ɗaya shi ne par da ƙarin 5, ko da ka yi 13.

Na biyu, ka duba lambobi biyu da ke jikin katin fili, waɗanda yawancin mutane ba sa kallo. Ɗaya ita ce ƙimar fili, kamar 71.5: bugun da gwani marar rangwame zai yi a zahiri. Ɗayar ita ce silof, tsakanin 55 da 155, matsakaicinta 113: tana nuna yadda filin ke ƙara wa mai rauni wahala fiye da gwani. Waɗannan su ne ma'aunin wahala, aikin da par ba ya yi.

A ce ka yi 98 bayan gyaran da za mu yi bayaninsa a gaba, a fili mai ƙima 71.5 da silof 125. Cire 71.5 daga 98, saura 26.5. Raba 113 da 125, ka samu 0.904. Ninka su, 24.0. Wannan ce lambar wannan zagaye. In katunanka sun kai 20, ana ɗaukar mafi ƙanƙanta 8 daga 20 na baya-bayan nan a fitar da matsakaicinsu. Da katuna uku kawai, mafi kyau ɗaya ake ɗauka a rage 2. Iyakar lambar 54.0 ce ga maza da mata.

Ranar wasa sai a juya lambar zuwa rangwamen filin da kake. A ce lambarka 24.0 ce: ninka ta da 125, raba da 113, ka samu 26.5, sannan ka haɗa bambancin ƙima da par, wato 71.5 a cire 72, ragin rabi. Ya zama 26. Bugu 26 aka yafe maka, kuma ba a warwatse ake zuba su ba. A katin akwai layin da ya jera ramuka daga 1 zuwa 18 bisa inda aka fi buƙatar rangwame. Kowane rami ka samu ɗaya, 18 ke nan; takwas da suka rage su tafi ramukan da ke lamba 1 zuwa 8 a wannan layi. Kada ka rikita shi da lambar ramin kansa, kuskuren da sababbi ke yawan yi: rami na 14 zai iya zama shi ne lamba 1 a jerin. To a par 4 mai lamba 5, par ɗinka 6 ne. A par 4 mai lamba 12, par ɗinka 5. A gasar mutum ɗaya-ɗaya galibi kashi 95 cikin 100 na rangwamen ake ba da wa, naka ya koma 25.

Gyaran da muka ambata shi ne rufin da aka sa wa mummunan rami: par, da 2, da rangwamenka na ramin. A par 4 mai lamba 5, rufinka 8 ne. In ka yi 11, a lissafin handikaf 8 za a shigar, domin rami ɗaya da ya lalace kada ya ɓata hoton wasanka duka.

Shawararmu ka riƙa shiga gasar Stableford, tsarin da Dokta Frank Stableford ya tsara, aka fara gasa da shi a Wallasey ta Ingila a 1932. Bayan an cire rangwame, par maki 2 ne, bogi 1, badi 3, igil 4, abin da ya kai bogi biyu kuwa sifili. In ka ga ba sauran maki a rami, ɗauki ƙwallonka ku wuce, na bayanku su sa maka albarka. Maki 36 na nufin ka yi wasa daidai da rangwamenka.

Abin da ke hana masu 100 saukowa kuwa sananne ne: farautar par ɗin kati. Rami mai yadi 400, mutum ya zaro babbar sanda ya kai mata duka da ƙarfin tsiya don ya isa girin a bugu biyu, ƙwallo ya karkace ya tsallake fararen turakun iyaka. Hukuncin wannan shi ne a ci ka tarar bugu ɗaya, ka kuma koma inda ka buga, wato bugunka na gaba daga wurin tashi shi ne na uku. Haka in ƙwallo ya ɓace ba a gan shi cikin minti 3 ba. Ga shi bugu biyu sun tafi ba ka je ko'ina ba. Alhali da ka buga 150, ka ƙara 150, ka ɗora 100 a girin, ka mirgina biyu, 5 ke nan, kuma da rangwamenka par ne ko ma badi. In kana shakkar inda ƙwallo ya faɗa, ka faɗa wa abokan wasa a fili cewa za ka buga wani ƙwallon na ko-ta-kwana kafin ka bar wurin. In ba ka furta ba, sabon ƙwallon ya zama shi ne na wasa, da tararsa, ko da an ga na farkon a tsakiyar fili. Sannan ka ƙirga bugun mirginenka. Wanda ke yin uku-uku a girin shida ya zubar da bugu shida ba tare da ya shiga daji ko sau ɗaya ba.

Tambaya: Abokina ya rubuta mini 5 a ramin da na yi par 4, ban lura ba na sa hannu, kwamiti kuma ya ƙi gyarawa. Wannan adalci ne? Daga mai karatu a Minna.

Amsa: Doka ce, ɗan'uwa, kuma kwamitin bai da hurumin yin wani abu dabam da zarar kati ya shiga hannunsa. Lambar kowane rami alhakinka ce. Haɗa jimla da lissafin maki aikin kwamiti ne. In ka sa hannu a kan lambar da ta fi ta gaskiya, ita za ta zauna. In ta gaza ta gaskiya, kora ce daga gasar, sai fa in bugun tara ne da ba ka san ka jawo shi ba, a nan sai a ƙara maka shi. Roberto De Vicenzo na Ajantina ya yi badi, bugu 3, a rami na 17 ranar ƙarshe ta Masters a 1968, a gaban dubban 'yan kallo da kyamarori. Mai riƙe masa kati, Tommy Aaron, ya rubuta 4. Ya sa hannu a kan 66 maimakon 65, Bob Goalby ya ɗauki kofi da ratar bugu ɗaya, kuma ranar ce De Vicenzo ya cika shekara 45. Maganin abin: ka riƙe naka lissafin a gefen katin da ke hannunka, bayan kowane rami ku faɗa wa juna lamba da baki, a ƙarshe ku zauna ku bi ramukan ɗaya bayan ɗaya kafin biro ya taɓa takarda. Kuma lambar bugu ake rubutawa, ba +1 ko -1 ba.

Tambaya: Ina koyar da Turanci. Ɗalibaina sun tambaye ni me ya sa "below par" ke nufin abu ya lalace, alhali a golf abin murna ne. Daga wata malama a Katsina.

Amsa: Malama, ki gaya musu wannan furuci ba daga golf ya fito ba, daga kasuwa ya fito, ya kuma girmi par ɗin golf. Takardar da ta faɗi ƙasa da ƙimarta asara ce, shi ya sa Bature in ba ya jin daɗin jikinsa, ko aiki bai kai yadda ake so ba, sai ya ce haka. "On a par with" ma daga tsohuwar ma'anar take, wato tsara ko daidai da. Wanda golf ya haifa shi ne "par for the course", ana faɗinsa ga abin da aka saba gani, yawanci marar daɗi, kamar mu ce ai dama an saba.

Tambaya: Da rani ƙasa ta bushe, ƙwallo yana gudu kamar ba zai tsaya ba, da damina kuma ya nutse inda ya faɗi. Bai kamata par ya riƙa canzawa ba? Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Par ba ya bin yanayi, Malam, a kati yake zaune rani da damina. Wasu lambobin ne ke ɗaukar wannan nauyi. Masu auna ƙimar fili suna duba yadda ƙasa ke mirgina ƙwallo a lokacin da aka fi wasa, da iskar da aka saba, da kuma tudu: filin da ya kai mita 610 sama da teku ana yi masa gyara, domin iska ba ta da kauri a can, ƙwallo ya fi tafiya. Jos tana wajen mita 1,200, don haka abin ya shafe ku kai tsaye, kuma sandar da ke kai maka yadi 150 a gida za ta gaza in ka sauka Legas.

Na yau da gobe kuma, tsarin handikaf yana da lissafin da kwamfuta ke yi kowane dare. In aƙalla mutum 8 masu lamba 36.0 ko ƙasa suka miƙa kati a fili ɗaya a rana ɗaya, ana kwatanta abin da suka yi da abin da aka sa rai. In ranar ta yi sauƙi ƙwarai a yi gyaran -1, in ta yi tsanani, kamar ranar da hunturu ya taso da iska da ƙura, a yi daga +1 zuwa +3. Yawancin ranaku sifili ne. Sharaɗin shi ne kati ya shiga kafin tsakar daren ranar da aka yi wasan. Wanda ya bar nasa a aljihun jaka sai bayan kwana uku za a karɓa, a kuma yi masa gyaran ranar, amma bugunsa bai shiga cikin waɗanda aka fitar da gyaran da su ba, kuma a ƙaramin kulob hakan kan sa a kasa cika mutum takwas ɗin.